Don Me Kasuwar Alhaji Ke Bin Sa Kabari?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Zariya ya san PZ. Tun daga Tudun Wada kake jin kwandasta yana kira, "PZ, Kwangila, Samaru!", wasu su sauka wasu su hau, babu mai tambayar abin da haruffan suke nufi. Sunayen mutum biyu ne, George Paterson da George Zochonis, ɗaya mutumin Sikotilan ɗaya Bagirike. A Saliyo suka fara ciniki, suka yi wa kamfaninsu rajista a 1884, suka buɗe reshe a Najeriya a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Arewa, kantunan irin waɗannan kamfanoni suka biyo shi suka jeru kusa da tasha, har sunan ɗaya ya bi unguwa. Mutanen nan biyu sun daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Amma a daren yau idan yaro ya kwanta da mura, uwarsa za ta aika a sayo Robb ta shafa masa a ƙirji, kuɗin kuma ya tafi asusun kamfanin da suka bari.

Ban kawo su don in yabe su ba. Na san yadda kamfanonin Turawa suka yi arziki a ƙasar nan. Gwamnatin mulkin mallaka tana bayansu, banki nasu ne, jirgin ruwa nasu ne, su ke yanka wa audugar manomin Zazzau farashi, sannan su sayar masa da atamfa yadda suka ga dama. Abin da ya tsayar da ni a kansu tambaya ce da ta daɗe tana cin raina. A garin nan an yi attajirai na ji da gani, masu fataucin goro da shanu, masu awon auduga da gyaɗa, masu motocin sufuri da sunansu a goshin kowace gingimari. Har yau dattawa suna ba da labarin kyautarsu, wane ya kai mutum kaza Makka, wane ke raba buhunan gero da azumi. Allah ya saka musu da alheri. To amma ina kasuwarsu? Shago nawa ne a Sabon Gari ko cikin birni da za ka tsaya a ƙofarsa ka ce kakan mai shi ne ya buɗe shi, da wannan suna, a kan wannan sana'a? Akwai, amma ba su da yawa, kuma duk ɗan garin nan ya san haka.

A gidanmu na ga yadda abin yake faruwa. Baffana, yayan mahaifina, ɗan kasuwar hatsi ne. Yana da sito babba a Sabon Gari, da motocin lodi uku, da mutanensa a kasuwannin Giwa da Anchau da Saminaka masu tara masa masara da dawa tun farkon kaka. 'Yan kudu suna aiko masa da kuɗi kafin su ga kaya, saboda sun san tiyarsa cikakkiya ce, ba a kuma taɓa samun tsakuwa a gindin buhunsa ba. Akwai wani bawan Allah da ya shigo hannunsa tun yana ɗan dako, ya shekara fiye da ashirin tare da shi, har ya zama shi ke riƙe makullin sito. Mu yara Yaya muke ce masa, don ba mu ma san ba ɗan gida ba ne sai da muka girma.

Lissafin wannan kasuwa duka a kan Baffa yake. Kuɗin cefane da kuɗin masara aljihu ɗaya suke kwana, na cikin 'yar shara. Wanda yake bi bashi ya sani, wanda ke bin sa ya sani, har ranar da aka yi alkawarin biya. Ina ɗalibi, wata rana bayan la'asar muna zaune a kan buhuna, na ce masa, "Baffa, me zai hana a samo littafi a riƙa rubutawa? Ni ma zan iya zuwa kullum da yamma in yi." Ya dube ni da murmushi irin na uban da ke son ɗansa, ya ce, "Ɗana, abin da ke tsakanina da mutane amana ce. Ranar da na fara ce wa mutum sa hannu a nan, ranar na nuna masa ban yarda da shi ba." Na yi shiru, don a lokacin na ga kamar ya fi ni gaskiya.

Jinyar kwana biyar ya yi. A wurin jana'iza, kafin a ta da salla, aka yi shelar da aka saba yi: duk wanda ke bin mamaci bashi, ko mamaci ke bin sa, ya ga babban ɗansa. Masu bin sa sun zo, tun kafin sadakar uku. Waɗanda yake bi, mutum biyu suka zo da ƙafarsu, Allah ya yi musu albarka. Yaya ya san akwai wasu da yawa, yana iya nuna ƙofar gidajensu, amma bai san adadi ba, babu kuma shaida. Bayan arba'in aka zauna rabon gado, mata biyu, 'ya'ya goma sha huɗu. Mota ba ta rabuwa goma sha shida, sai aka sayar da dukan ukun. Aka yi wa sito ƙima, aka gitta bulo a ciki ya zama shaguna. Kowa ya karɓi haƙƙinsa daidai yadda Allah ya yanka, malamin da ya raba bai zalunci kowa ba. Yaya ba magaji ba ne, ba shi da komai a ciki, aka haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa aka yi masa godiya. Da kaka ta zagayo, 'yan kudun nan suka bugo waya suna neman kaya, babu wanda zai amsa musu. Abin da Baffa ya shekara arba'in yana ginawa bai kai shekara ɗaya a bayansa ba.

Na sha jin 'yan boko suna ɗora laifin wannan a kan rabon gado na Musulunci, wai shi ke tarwatsa dukiya. Ban yarda ba, kuma ina jin zafin maganar. Shari'a ta faɗi rabon kowa, ta ce mata suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mace biyu. Ba ta ce dole a sayar da mota ko a gitta bulo a tsakiyar sito ba. Idan kasuwa kamfani ce mai rajista da hannun jari, abin da za a raba hannun jarin ne, kowane magaji ya san kasonsa, sito na nan a buɗe, motoci na kan hanya, ƙarshen shekara a raba riba. Wanda ya matsu yana son kuɗinsa a hannu, 'yan uwansa su saye nasa kason. Abin da ya kashe kasuwar Baffa shi ne ba ta da wani jiki ban da nasa. Shi ne ma'aji, shi ne littafi, shi ne sunan da ake yarda da shi. Da aka sa shi a kabari, da ita aka sa.

Maganar amana da ya yi mini kuwa, sai da na girma na gane addinin da yake riƙe da shi hannu bibbiyu ya riga ya ba da amsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, da shaidu. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Mu kuwa a nan, ka ce wa dattijo ya rubuta abin da ya mallaka, sai a ce kana yi masa fatan mutuwa, ko ka ƙosa ka ci gado. Ina roƙon malamanmu, masu wa'azi a masallatan Juma'a da masu tafsiri da azumi, su riƙa buɗe wannan babi kamar yadda suke buɗe na zakka. Attajiri ya fi jin maganar malaminsa a kan ta lauya.

A Kano akwai gidan da ya nuna ana iyawa. An haifi Alhassan Dantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa bafatake ne mai hali, ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, aka raba gado, fataucin gidan ya tsaya nan. Wato ya ɗanɗani irin abin da nake magana a kai tun bai mallaki hankalinsa ba. Da hannunsa ya sake ginawa, ya bi hanyar goro zuwa Gwanja, ya gano ɗora kaya a jirgin ruwa zuwa Legas ya fi ayarin jakuna sauri, da jirgin ƙasa ya isa Kano kuma ya shiga sayen gyaɗa har ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. Kowa ya san labarin 1929, lokacin da bankin da yanzu ake kira First Bank ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Mutane suna ba da labarin ne don a ji yawan dukiya. Ni abin da nake gani a ciki shi ne mutumin da ya fitar da kuɗinsa daga ƙuryar ɗaki ya kai inda za a ƙirga a rubuta, a zamanin da takwarorinsa ke binne nasu a tukunya. Da ajali ya gabato a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin ya watse. Ahmadu ya riƙe, bayansa Aminu ya karɓa a 1960, ya kuma rayu har zuwa watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Shekara saba'in ke nan bayan rasuwar wanda ya kafa, sunan yana nan a kan kamfani.

Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi Dantata ne ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya, a hannun kakan nasa kuma ya tashi. Ana yawan ambaton rancen jarin da ya fara da shi a 1977, amma ni ina ganin abin da ya ɗauka daga gidan ya fi kuɗin, domin yaro ne da ya buɗe ido ya ga ana awo, ana lodi, ana lissafi. Haka Abdussamad, ɗan Khalifa Isyaka Rabiu, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka ɗora masa ragamar harkokin mahaifinsa, kafin ya kafa kamfaninsa na BUA a 1988. Ina da ƙorafina a kan manyan nan. Sun ci moriyar manufofin gwamnati na hana shigo da kaya, talaka kuma ya ji a jikinsa wurin sayen siminti da sukari. Matatar man Dangote ta Lekki mai tace ganga 650,000 a rana abin alfahari ce, amma da na so in ga ko da rubu'in wannan jari ya sauka a tsakanin Zariya da Funtuwa inda auduga take. Wannan magana ce ta wata rana. Abin da ba a musu a kai shi ne a gidajen nan an shigar da yara cikin sana'a tun ubanninsu na da rai.

Mu a Zariya akasin haka muka yi, kuma da kyakkyawar niyya. Garin ilmi ne. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, burin kowane ɗan kasuwa ɗansa ya zama likita ko lauya ko babban ma'aikaci, kada ya sha ranar da shi ya sha. Cikin 'ya'yan Baffa maza akwai masu digiri biyar, babu ɗaya da ya san yadda ake duba masara a gane ta bushe ko da sauran danshi. Bai taɓa kai ɗayansu kasuwar Giwa ba. Ya ɗauka yana kare su ne. Shekara da shekaru harabar jami'ar da ke Kongo tana yaye akantoci da lauyoyi, tsakaninta da kasuwar Tudun Wada tafiyar ƙafa ce, amma kamar akwai teku a tsakani. Ɗan kasuwa yana ganin ɗan boko zai tona masa asiri ko ya jawo masa masu haraji, ɗan boko kuma yana ganin zama a kan buhu ƙasƙanci ne, ya gwammace ya shekara biyar yana yawo da takardu. Duka biyun suna asara, garin ma yana yi.

'Ya'ya mata kuwa ba a ma sa su a lissafi. Cikin 'ya'yan Baffa wadda ta fi kowa kan ciniki mace ce, tun tana budurwa take sarin atamfa tana bayarwa bashi a gidajen aure, ba ta taɓa faɗuwa ba. Babu wanda ya tuna ya tambaye ta ra'ayinta ranar da aka yanke shawarar sayar da motoci. An miƙa mata rabonta, ta yi kayan ɗaki da wani sashe, saura ya narke a hidimar gida.

Sai maganar yaron shago, wadda ta fi ci mini rai. A Sabon Garin nan muna zaune da Inyamurai masu sayar da kayan mota da kayan gini. Yaro zai zo daga ƙauyensu ya yi wa ubangidansa hidima wasu shekaru sanannu da aka yi magana a kansu tun farko a gaban iyaye, in sun cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa, sau da yawa ma ya ci gaba da sarin kaya a wurin ubangidan. Mu ma muna da yaye yaro a al'adarmu, fatake sun yi, madugai sun yi. Sai dai mun bar shi ga ganin damar ubangida, ba wa'adi, ba shaida. Idan ubangida ya rasu kafin ya ga dama, mutumin da ya fi kowa sanin kan kasuwar shi ne na farkon fita da hannu biyu. Da Baffa ya ba Yaya wani kaso na kasuwar tun yana raye, kyauta ce halattacciya, ko ya yi masa wasiyya daga cikin sulusin da shari'a ta ba shi dama, da magada sun sami wanda zai riƙe musu, shi ma ya sami abin da zai tsaya dominsa.

Na san abin da wani zai ce: rubutu da rajista ba su hana kamfani mutuwa. Gaskiya ne. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 tana da akantoci da manajoji, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, gidajen gurzar auduga na yankinmu suka yi tsit. Rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri ne suka ci su, babu littafin da zai tare wannan. Jiragen Kabo da na Chanchangi da muka taso muna alfahari da su ba sa tashi yanzu, harkar jirgin sama kuwa ta kayar da manya a ko'ina cikin duniya. Na yarda ƙasar nan tana da wuyar kasuwanci. Amma masara ba ta daina fitowa a Saminaka ba, mutanen kudu ba su daina saye ba. Cinikin Baffa yana nan, wasu ne kawai suka ɗauka.

Hanyar ma ta yi sauƙi fiye da da. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tak yana iya yi wa kamfaninsa rajista, ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Ga kuma wakafi, wanda muka bari kamar ba namu ba. Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibara, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Attajiranmu suna gina masallaci, abu ne mai kyau, amma shekara goma bayan rasuwarsu sai ka ga rufin yana yoyo ana yawo da kwano bayan salla. Da an haɗa masallacin da shaguna huɗu na wakafi, da kuɗin haya ya riƙe liman da ladan da gyara. A Indiya, Jamsetji Tata ya fara kasuwancinsa a 1868 ya mutu a 1904, kamfanin ƙarfen da ya yi mafarki sai a 1907 magadansa suka kafa shi, kuma har yau kusan kashi biyu cikin uku na uwar kamfanin yana hannun gidauniyoyin taimako da iyalin suka kafa, ribar tana tafiya asibitoci da makarantu. Su ba Musulmi ba ne, amma tsarin da suka bi ya yi kama da abin da ke cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan cikin birnin Zazzau.

Kwanakin baya na bi ta tsohon siton Baffa. Ƙofa ɗaya mai POS ne, ɗaya ana cajin waya, ta ukun a kulle take da kwaɗo ya yi tsatsa. Na wuce cikin kasuwa wurin Yaya. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, yana da 'yar rumfa da buhu shida ko bakwai a gabansa, yana awo da tiya. Ya tashi ya riƙe hannuna, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya yi wa Baffa addu'a har idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa faɗin magana marar daɗi a kan gidanmu ba. A gefensa wani yaro ne ɗan sakandare, autansa, zaune a kan benci da littafin rubutu mai bangon kwali a cinya. Wata mata ta karɓi tiya uku ta ce sai ran Juma'a, yaron ya rubuta sunanta da kwanan wata, ya juya littafin ya nuna wa uban.

Na ce, "Yaya, ashe an fara rubutu."

Ya ce, "Tun shekarar da Alhaji ya rasu. Ni ban iya ba, shi ya sa nake ɗauko shi kullum in an tashi makaranta. Ranar Alhamis ma tare muke zuwa sari."